Durƙushewar WCW: tambayoyi da amsoshi kan shekarun ƙarshe na kamfanin da ya taɓa shan gaban WWF

Duk mai bibiyar kokawar zamani, wato resilin, in ya yi nisa cikin tsoffin faifai sai ya ci karo da sunan WCW. Daga nan tambayoyi ke biyo baya, don abin da ɗaure kai: kamfanin da ya tara Hulk Hogan, Sting, Ric Flair, Goldberg da Bret Hart a inuwa guda, ga attajiri a bayansa, ga tashoshin talabijin nasa na gida, amma cikin shekara uku ya ƙare. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa.

Mece ce WCW, kuma wa ya mallake ta?

Cikakken sunanta World Championship Wrestling, hedikwatarta a birnin Atlanta na jihar Jojiya a kudancin Amurka. Asalinta kamfanin iyalin Crockett ne na jihar North Carolina, wanda bashi ya yi wa katutu. A watan Nuwamba 1988 Ted Turner, mai tashoshin CNN, TBS da TNT, ya saye shi. Turner yana ganin mutuncin kokawa, domin tana cikin shirye-shiryen da suka riƙe tasharsa ta Atlanta tun farkon shekarun 1970, lokacin ba ta da ƙarfi.

A lura da wannan tun yanzu, don zai dawo a gaba: WWF, wato World Wrestling Federation, babbar abokiyar hamayyarta, a lokacin ta iyalin McMahon ce, kokawa ita ce sana'arsu kuma abincinsu. WCW kuwa ɗan ƙaramin reshe ce a cikin katafaren kamfanin talabijin, ranta yana hannun manajojin da yawancinsu ba sa ko kallonta.

Tunda an riga an tsara wanda zai ci kafin a hau dandamali, me ake nufi da kamfani ya yi nasara ko ya faɗi?

Sakamakon shiri ne, amma kuɗin na gaske ne, raunukan ma haka. Kamfanin kokawa a wancan zamani yana cin abinci ta hanya huɗu: tikitin shiga fili, tallan da ake sakawa a shirin talabijin, kayan da ake sayarwa kamar riguna da ’yan tsana, sai manyan wasannin wata-wata na biya-ka-kalla, waɗanda kowane gida ke biyan kuɗi daban kafin ya gani. Shirin mako-mako na kyauta aikinsa ya sa wa mai kallo ƙishirwa, babban wasan wata ya kashe masa ita.

Saboda haka jarin wannan sana'a alkawari ne. Ana nuna maka bos yana cin zalin jama'a wata da watanni, ana nuna maka jarumi yana tahowa, kai kuma ka biya kuɗinka don ka ga ranar sakayya. In aka cika, ka dawo da aboki. In aka yi ta saɓawa, ka canza tasha. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa labarin alkawuran da WCW ta ɗauka ne ta ƙi cikawa.

Da gaske ne ta taɓa fin WWF?

Ƙwarai. Eric Bischoff ya karɓi ragamar shirye-shirye a 1993, ya kawo Hogan a 1994, sannan Randy Savage. Ranar 4 ga Satumba 1995 aka fara shirin Nitro a TNT, kai tsaye, daren Litinin, daidai lokacin da WWF ke nuna Raw. A Mayu da Yuni 1996 Scott Hall da Kevin Nash suka bayyana kamar mahara daga WWF, kuma ranar 7 ga Yuli, a wasan Bash at the Beach, Hogan da yara suka taso suna ƙauna ya juya ya zama bos, aka kafa ƙungiyar bosawa ta nWo, wato New World Order. Daga tsakiyar 1996 Nitro ta doke Raw a yawan masu kallo mako 83 a jere. Sai ranar 13 ga Afrilu 1998 Raw ta karya wannan jeri, da rigimar Steve Austin da shugaban WWF Vince McMahon.

To daga ina gangarowar ta fara?

A ganina daga daren da ya fi kowane dare kawo mata kuɗi: Starrcade, babban wasanta na ƙarshen shekara, na 28 ga Disamba 1997 a birnin Washington. Wata 15 Sting bai yi wasa ba. Ya daina magana, ya shafa fari da baƙi a fuska, yana tsayawa can saman rufin fili yana kallon ɓarnar nWo. Da wuya a samu labarin kokawa da aka gina da haƙuri irin wannan. Gidaje sama da dubu 600 suka biya don su ga ya tumɓuke Hogan.

Abin da suka gani daban. Hogan ya mamaye yawancin wasan, ya danne Sting, alƙalin wasa Nick Patrick ya ƙirga uku. A tsarin labari ya kamata ƙirgan ya zama na gaggawa, na maguɗi, don Bret Hart ya fito ya ce bai yarda ba a sake. Amma Patrick ya ƙirga yadda aka saba. Da Hart ya sa aka ci gaba Sting ya yi nasara, sai ya zama a idon mai kallo an kayar da jarumin tsaf, sannan aka yi masa alfarma. Aka ƙwace kambun a Janairu, Sting ya sake ci a Fabrairu, ya rasa shi a hannun Savage ranar 19 ga Afrilu, washegari kambun ya koma wurin Hogan. Wata huɗu bayan ranar sakayya, an dawo gidan jiya.

Alƙaluma ba su nuna illar nan take ba, don 1998 ce shekarar da kamfanin ya fi samun kuɗin shiga. Shi ya sa ba wanda ya ɗauki darasi. Ita kuma nWo, maimakon a kawo ƙarshenta, sai aka raba ta gida biyu, masu baƙi da fari da masu ja da baƙi, ana ta ƙara mata mutane har ta daina ba kowa tsoro.

Ai suna da Goldberg. Me ya hana ya cece su?

Goldberg shi ne babban tauraron da WCW ta ƙera da hannunta a wannan zamani. Tsohon ɗan ƙwallon Amurka ne na ƙungiyar Atlanta Falcons, ya fito daga makarantar horon kamfanin mai suna Power Plant, ya fara bayyana a Nitro a Satumba 1997, yana gama abokin karawa cikin minti biyu ko uku. Jama'a da kansu suka ɗauke shi, suna rera sunansa tun kafin ya fito.

Ranar 6 ga Yuli 1998 ya kayar da Hogan a Georgia Dome gaban mutum sama da dubu 40. Dare ne mai daɗin kallo har yau. Sai dai wasan da zai iya kawo miliyoyin daloli a biya-ka-kalla an ba da shi kyauta a talabijin, da sanarwar kwana huɗu kacal, don kawai a doke Raw a mako guda. Bayan ya zama zakara kuma, Hogan ne ya ci gaba da rufe manyan wasanni, shi da baƙi irin su ’yan ƙwallon kwando Dennis Rodman da Karl Malone, da mai gabatar da shiri Jay Leno. A Halloween Havoc na Oktoba, bayan mummunan wasan Hogan da Warrior, lokaci ya ƙure, aka yanke hoton a gidaje da yawa kafin su ga karawar Goldberg da Diamond Dallas Page da suka biya dominta. Washegari, 26 ga Oktoba 1998, aka nuna ta kyauta a Nitro, kuma wannan ne karo na ƙarshe da Nitro ta doke Raw gaba da gaba.

Ranar 27 ga Disamba 1998 Nash ya kawo ƙarshen jerin nasarorinsa, da kamfanin ke cewa 173 ne, ya kuma karɓe kambun, bayan Hall ya ɗana masa sandar lantarki. A hukumance Goldberg bai sake riƙe kambun duniya na WCW ba. A Disamba 1999 ya naushi gilashin mota a wani shiri, ya yanke hannu, ya yi watanni yana jinya, ya dawo a 2000 aka mayar da shi bos, abin da masu kallo suka ƙi karɓa sam.

Me ya faru daren 4 ga Janairu 1999 da ake yawan ambatonsa?

Abu biyu, a shiri ɗaya, a Georgia Dome, gaban mutum kusan dubu 40 ’yan garin Goldberg. An yi musu alkawarin zai rama a kan Nash. Sai labari ya ce ’yan sanda sun kama shi bisa ƙorafin Miss Elizabeth, wata mai rakiyar ’yan wasa. Hogan, wanda ya ce ya yi ritaya a Nuwamba, ya maye gurbinsa. Aka buga ƙararrawa, Hogan ya dunguri ƙirjin Nash da yatsa ɗaya, Nash ya zube, aka ƙirga uku, Hogan ya zama zakara, suka rungume juna suna dariya, nWo ta sake haɗewa.

Na biyu, Raw ta wannan dare an naɗe ta tun kwanaki kafin nan. Bisa umarnin Bischoff, mai sharhi Tony Schiavone ya tona wa masu kallo cewa Mick Foley zai ci kambun WWF, cikin sigar raini. Ɗaruruwan dubban gidaje suka juya zuwa Raw nan take don su ga mutumin da suke ƙauna ya ɗaga kambu. Foley tsohon ma'aikacin WCW ne, kamar yadda Austin ma yake, wanda Bischoff ya sallama a 1995.

Wasu na cewa wannan daren ne ya kashe kamfanin. Na fi ganin shi a matsayin ranar da mai kallo ya tabbatar da zargin da ya fara tun Starrcade 1997: komai daɗewa kambun hannun mutum ɗaya zai koma.

Me ya sa matasan ’yan wasa suka riƙa ficewa?

Domin sun ga rufin da ba zai huje ba. WCW ta fi kowa ƙwararrun matasa: Rey Mysterio, Eddie Guerrero, Chris Jericho, Dean Malenko, Chris Benoit, da zaratan da aka kwaso daga Meziko da Japan. Su ke buɗe shiri su ɗumama fili, sannan tsofaffi su rufe su kwashi kaso mafi tsoka. Jericho ya shafe watanni a 1998 yana tsokanar Goldberg, jama'a na jin daɗi, aka ƙi ba su babban wasa. A Fabrairu 1999 aka tilasta wa Mysterio cire abin rufe fuskarsa, wanda a al'adar kokawar Meziko shi ne mutuncin ɗan wasa da gadon gidansu, bayan ya sha kashi a wasan da Nash ke ɗaya ɓangaren. A farkon wannan shekarar Nash ne ke riƙe da alƙalamin tsara labarai.

The Giant ya koma WWF a Fabrairu 1999 ya zama Big Show. Jericho ya bi shi a Agusta. Mafi muni ita ce ta Janairu 2000: aka naɗa Kevin Sullivan mai tsara labari, gungun ’yan wasa suka ce ba za su yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Don a rarrashi Benoit aka ba shi kambun duniya ranar 16 ga wata, washegari ya ajiye. Ranar 31 ga Janairu shi da Guerrero da Malenko da Perry Saturn suka bayyana a Raw. Jericho, Guerrero, Benoit, Big Show da Mysterio duk sun riƙe kambun duniya a sabon gidansu daga baya.

Ko dattijon gidan bai tsira ba. A 1998 kamfanin ya kai Ric Flair kotu saboda ya tsallake shiri ɗaya ya je kallon gasar kokawar ɗansa. Ya yi wata biyar ba ya nan, masu kallo na kiran sunansa a filaye.

Ina kuɗin suka tafi?

Kaso mafi girma a albashi. Don ya janyo taurarin WWF, Bischoff ya ba da kwantiragi mai tabbataccen kuɗi: ka yi wasa ko ba ka yi ba, fili ya cika ko bai cika ba, za a biya ka, kuma kwanakin aikinka ƙayyadaddu ne. Hogan har da sharaɗin cewa sai da amincewarsa za a rubuta yadda labarinsa zai tafi. An ɗauki ’yan wasa fiye da buƙata, wasu suna gida ana aika musu albashi. Lanny Poffo, ƙanin Savage, ya yi shekaru ana biyansa bai hau dandamalin WCW ya yi wasa ba.

Sai kashe-kashen burga. Daga 1996 zuwa 1999 kowane Agusta ana yin babban wasa a taron masu babura na Sturgis ba tare da sayar da tikiti ba. A 1999 aka biya mawaƙa maƙudan kuɗi, ciki har da ƙungiyar KISS, wadda wasanta a Nitro ya kori masu kallo. Ga kuma yawan aiki: a Janairu 1998 aka ƙara shirin Thunder na awa biyu a TBS, aka mayar da Nitro awa uku, alhali manyan taurari ba sa son zuwa Thunder.

Muddin kuɗi na shigowa duk wannan a rufe yake. Da suka ja baya, albashin bai ja ba. Kamfanin ya faɗa asara a 1999, aka sauke Bischoff ranar 10 ga Satumba, sannan a 2000 asarar ta kai kimanin dala miliyan 60. Starrcade na 2000 gidajen da suka saya ba su wuce kimanin dubu 50 ba. A kwatanta da adadin 1997 da ke amsa ta huɗu.

Wane ne Vince Russo, kuma shi ne ya kashe WCW?

Marubuci ne ɗan New York da ya taso daga mujallar WWF ya zama babban mai rubuta Raw a lokacin da ta farfaɗo. A Oktoba 1999 WCW ta ɗauke shi tare da Ed Ferrara. Aƙidarsa ita ce mai kallo ba ya son dogon wasa, abin mamaki yake so kowane minti biyu. A WWF akwai McMahon da ke tace ra'ayoyinsa, ya ɗauki biyu ya zubar da takwas. A Atlanta ba mai tacewa. Aka shiga gajerun wasanni da ba sa ƙarewa sai da kutse, aboki ya ci amanar aboki ba dalili, mako mai zuwa a manta. Wata uku aka dakatar da shi. A Afrilu 2000 aka dawo da shi tare da Bischoff, ranar 10 ga wata suka ƙwace dukkan kambuna suka ce an fara daga farko, matasa na New Blood da tsofaffi na Millionaires' Club. Tunanin na da kyau, amma aka sa matasan su zama mugaye, jama'a suka bi bayan tsofaffi.

Abin da na fi ƙi a aikinsa shi ne yadda ya riƙa sa ’yan wasa suna faɗa a bainar jama'a cewa wane ya ƙi bin rubutu. A Agusta 2000 aka nuna Goldberg ya fice daga tsakiyar wasa, masu sharhi na cewa ya saɓa tsari. In wannan ne kaɗai na gaske, me mai kallo zai yi da sauran awa biyun da ya biya? A shekarar 2000 kambun duniya ya sauya hannu kusan sau 20, kuma ranar 25 ga Satumba Russo ya ɗora wa kansa.

Duk da haka bai same ta da lafiya ba. Ya zo ta riga ta yi shekara guda tana bayan Raw, tana asara, taurarinta na tsufa. Ya gaggauta abin da ya tarar, ya kuma kori masu kallon kudancin Amurka da suka gaji WCW daga iyayensu don son tsantsar kokawa.

Da gaske an ba ɗan fim kambun duniya?

An ba shi. David Arquette ya fito a wani fim na barkwanci kan kokawa da aka yi da haɗin gwiwar WCW. Don tallata fim ɗin, a Thunder da aka nuna ranar 26 ga Afrilu 2000 aka haɗa wasan mutum biyu-biyu da sharaɗin duk wanda ya danne wani shi ne zakara. Arquette ya danne Bischoff. Ya riƙe kambun kwana 12, ya rasa shi a Slamboree ranar 7 ga Mayu.

Wanda ya san darajar takobin gasar kokawa ta ƙasa a Nijar ya san ba ƙarfen ake girmamawa ba, jerin mazajen da suka ɗaga shi ne. Wannan bel ɗin zinare shi Flair da Sting suka ɗaura. Shi kansa Arquette masoyin kokawa ne, bai so a yi haka ba, kuma kuɗin da ya samu ya ba iyalan Owen Hart da Brian Pillman da suka rasu, da Darren Drozdov da ya shanye a dandamali. Laifin na waɗanda suka tsara ne.

Yaya Hogan ya rabu da kamfanin?

A Bash at the Beach na 9 ga Yuli 2000. Zakara Jeff Jarrett ya kwanta ba tare da an taɓa shi ba, Hogan ya ɗauki makirufo ya ce irin wannan shirme ne ya jefa kamfanin cikin halin da yake ciki, ya ɗora ƙafa a ƙirjinsa aka ƙirga, ya fice da bel. Daga baya Russo ya fito ya yi masa tatas, ya ce ba za a sake ganinsa ba. Ɓangarorin sun yarda kwanciyar Jarrett shiri ce. Inda suka saɓa shi ne zagin: Hogan ya ce ya wuce abin da aka yi yarjejeniya, ya kai ƙarar ɓata suna, kotu ta yi watsi da ita daga baya. Bai sake komawa WCW ba.

Alheri ɗaya ya fito daga daren. Booker T, wanda ya yi shekara bakwai yana hawa mataki-mataki, ya doke Jarrett ya zama zakara, baƙar fata na biyu da ya riƙe kambun bayan Ron Simmons a 1992.

Bret Hart fa?

Ya iso a Disamba 1997 duk duniyar kokawa na maganar yadda WWF ta yi masa maguɗi a birnin Montreal wata guda kafin nan. Aka fara da sa shi alƙalanci, aka yi ta juya shi tsakanin jarumi da bos. Sai Nuwamba 1999 ya ci kambun duniya. A Starrcade na 19 ga Disamba ƙafar Goldberg ta same shi a ka, ƙwaƙwalwarsa ta bugu, sana'arsa ta ƙare daga nan. Kamfanin ya sallame shi a Oktoba 2000.

Ina Ted Turner yake duk wannan lokaci?

Iko ya riga ya fita hannunsa. A 1996 kamfaninsa ya haɗe da Time Warner. A Janairu 2000 aka sanar da haɗewa da kamfanin intanet na AOL, aka kammala a Janairu 2001, kuma a sabon tsarin aka janye tashoshin daga ƙarƙashin kulawarsa. A farkon shekarun 1990 WCW ta sha yin asara, Turner yana cewa a bar masa ita. Yanzu babu mai faɗin haka, asarar kuma ta ninka sau da yawa.

An ce Bischoff ya kusa saye. Me ya ɓata cinikin?

Ranar 11 ga Janairu 2001 aka sanar cewa kamfanin Fusient Media Ventures, tare da Bischoff, zai sayi WCW. Shirinsu a ɗan rufe, a sake buɗewa a Mayu. Sharaɗin cinikin shi ne TNT da TBS su ci gaba da nuna shirin. A Maris aka naɗa Jamie Kellner shugaban tashoshin Turner, ya yanke cewa kokawa ba ta dace da fuskar da yake so wa tashoshin ba, masu talla kuma ba sa biyan kuɗi mai kauri a kanta. Ya soke Nitro da Thunder. Kamfanin kokawa da ba shi da gurbi a talabijin ba shi da abin sayarwa, Fusient ta janye.

Ranar 23 ga Maris WWF ta sanar ta saya. Suna, tambari, rumbun faifai na shekaru da dama da kwantiragin ’yan wasa ashirin da ’yan kai, duka a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 5 ba.

Yaya daren ƙarshe ya kasance?

26 ga Maris 2001, a Panama City Beach ta jihar Florida. Fuskar farko da aka gani a Nitro ta Vince McMahon ce, yana magana daga Cleveland inda ake Raw. Booker T ya karɓi kambu daga Scott Steiner. Wasan ƙarshe Sting da Flair ne, waɗanda suka kara a Nitro ta farko a 1995. Flair ya yi wasan sanye da riga, Sting ya ci, suka rungume juna. Sannan aka haɗa tashoshin biyu, Shane McMahon ya fito a Florida ya ce a labarance shi ya sayi kamfanin a bayan idon mahaifinsa. Ma'aikata da yawa a bayan fage, masu kyamara da masu haɗa dandamali, sun yi aikin daren ba su san makomarsu ba.

To a ƙarshe laifin wa ya fi yawa?

Bischoff yakan ce manajojin Time Warner ne suka ɗaure masa hannu da dokokin tace shiri da yanke kasafi, Kellner kuma ya ƙarasa. Akwai gaskiya a ciki: ko a watannin ƙarshe, da masu kallonta suka koma kusan rabin na Raw, Nitro na cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a TNT. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da WCW na kawo riba kamar 1998, soke ta zai yi wa kowane manaja wuya, kuma ko an soke, wata tasha za ta yi wuf ta ɗauka. Asarar miliyan 60 ce ta sa sa hannun Kellner ya zo da sauƙi.

Ni na fi ɗora nauyin a kan shekarun 1998 da 1999, lokacin da akwai kuɗi, akwai masu kallo, akwai matasa, aka zaɓi a kare manyan da ke da kwantiragi mai kauri. Wannan na wuyan Bischoff da Hogan da Nash. Russo ya zo ya ƙone ragowar amanar. Abin takaici, a watanni ukun ƙarshe shirin ya fara gyaruwa, Steiner ya zama bos mai ban tsoro, ƙananan ’yan wasa na samun fili, har wani matashi AJ Styles ya fara bayyana. Gyaran ya zo a makare.

Me ya faru da ’yan wasan bayan cinikin?

Manyan kamar Goldberg, Sting da Nash kwantiraginsu na tare da Time Warner, suka zauna gida ana biyansu. Booker T da Page suka yafe wani kaso suka tafi WWF. Gwajin farfaɗo da sunan WCW ya mutu a dare ɗaya, 2 ga Yuli 2001, da masu kallo a Tacoma suka yi wa wasan Booker T da Buff Bagwell ihu. Labarin da WWF ta shirya na mamayar WCW da ECW, wani kamfanin kokawa da shi ma ya rushe a wannan shekara, ya ƙare a Nuwamba. A Disamba Jericho ya doke The Rock da Austin a dare guda ya haɗe kambun WCW da na WWF. Flair ya zo a Nuwamba 2001, Hogan da Hall da Nash a Fabrairu 2002, Goldberg a 2003, Sting sai 2014. Jarrett da mahaifinsa suka kafa kamfanin kokawa na TNA a 2002. Kokawa ba ta koma TNT ba sai 2 ga Oktoba 2019 da shirin sabon kamfanin AEW, kuma Schiavone na cikin masu sharhi.

Akwai abin da ya cancanci kallo daga waɗannan shekaru?

Akwai, kuma faifan duk suna hannun WWE, sunan da WWF ta koma a 2002, tana sakin da yawa a YouTube. A fara da Guerrero da Mysterio a Halloween Havoc 1997. Sai Goldberg da Page na 1998, wanda aka yanke wa mutane. Spring Stampede na Afrilu 1999 ya yi kyau daga farko har ƙarshe. Ranar 4 ga Oktoba 1999 Bret Hart ya yi wasan tunawa da ƙaninsa Owen a filin Kansas City inda ya rasu sama da wata huɗu kafin nan. Daga 2000 a nemi Goldberg da Steiner a Fall Brawl, da wasan tsani da ya buɗe Starrcade, inda matasa shida suka yi aiki kamar filin a cike yake.